Yadda Ake Karɓar Ƙorafi da Sabunta Manhajar Waƙa Ba Tare da Ka Kori Masu Amfani Ba

Wannan bayani na wanda ya haɗa manhajar sauraron waƙa ne shi kaɗai, ba kamfani a bayansa, kuma ta riga ta hau Google Play ko App Store. Ba zan tsaya kan buɗe asusu ba, ka riga ka biya dala 25 ɗin Google, ko dala 99 da Apple ke karɓa duk shekara. Inda na ga sababbin shiga suna faɗuwa shi ne bayan nan, lokacin da mutane suka fara magana, su kuma suka hau gyara ba tsari.

Fara da buɗe wa mutane ƙofar ƙorafi a cikin manhajar kanta. Mutum zai ba ka tauraro ɗaya ya rubuta "ba ta aiki", ya yi tafiyarsa. Me za ka gyara da wannan? Amsar da za ka ba shi a Google Play ma ba ta wuce haruffa 350. Saboda haka sa maɓalli a shafin saiti wanda zai buɗe imel, samfurin wayar da sigar Android da sigar manhajar duk sun riga sun shiga ciki, shi dai ya rubuta abin da ya faru. Ka haɗa da Crashlytics, hidimar Google ta gano matsalar manhaja, kyauta ce, ita za ta riƙa kawo maka rahoto duk sanda manhajar ta rufe da kanta.

Sai rarraba abin da ya shigo. Ni kashi uku nake yi: abin da ke katse sauti, abin da ke ɓatar da kayan mutum, sai kuma buri. Masu buri sun fi kowa yawan magana. Wannan yana son launin baƙi, wancan yana son baitocin waƙa su riƙa fitowa a allo, wani yana son na'urar daidaita ƙarar ganga. Kuma aikinsu ya fi daɗin yi, shi ya sa sabon shiga ke rugawa can. Dokata ita ce, muddin akwai abu ko ɗaya a kashi na farko ko na biyu, ba a taɓa na uku.

Ka kuma koyi gane abin da ke ƙarƙashin maganar mutum. Wanda ya ce waƙa tana tsayawa in ya kashe allo, galibi wayar ce ta kashe manhajar don tattalin batir, kuma Crashlytics ba za ta gaya maka ba. Duba ko sautin naka yana tafiya a hidimar da ke nuna sanarwa a saman allo, domin tun daga Android 14 sai ka bayyana nau'inta da sunan mediaPlayback. Wasu masu ƙera waya suna ƙara nasu tsaurin a kan na Android, nan sai dai ka nuna wa mutum inda zai cire wa manhajar takunkumin batir. Wanda ya ce ba ta ganin waƙoƙinsa, tambaye shi sigar wayar: daga Android 13 izinin karanta sauti ya koma READ_MEDIA_AUDIO. Wanda kuwa ya zare abin kunne waƙa ta ɓarke a lasifika cikin mutane, ba ka saurari sanarwar da waya ke bayarwa in an cire shi ba ne. Layi kaɗan ne gyaransa.

Yanzu matakin da ya fi cin mutane, gwaji kafin saki. Sabon shiga yakan goge manhajar daga wayarsa, ya sa sabuwar siga, ya kunna waƙoƙi goma, komai lafiya, ya saki. Alhali mai amfani ba haka zai karɓe ta ba. Shi a kan tsohuwa za ta hau, ga dubban waƙoƙi a katin memori, ga jerin waƙoƙin da ya daɗe yana tsarawa ɗaya bayan ɗaya, na tafiya daban, na aiki daban.

Ga yadda abin ke lalacewa. Ka ƙara wani sabon fili a ma'ajiyar bayanai, misali adadin sau nawa aka saurari waƙa. In da Room kake aiki, wato kayan aikin Android na sarrafa ma'ajiyar bayanai, dole ka ɗaga lambar sigar ma'ajiyar, ka kuma rubuta yadda tsofaffin bayanai za su ƙaura zuwa sabon tsari. In ba ka rubuta ba, manhajar za ta rufe da an buɗe ta. Sai mutum ya shiga intanet neman mafita, ya ci karo da layin fallbackToDestructiveMigration, ya liƙa, rufewar ta daina. Abin da layin ke yi shi ne share ma'ajiyar kakaf a gina sabuwa fanko. Garin neman gira an rasa ido. Kuma ba wani rahoton matsala da zai zo maka, tunda a wurin na'ura komai ya tafi daidai. Sai dai ka ga taurari ɗai-ɗai suna zubowa, ana cewa "ina jerin waƙoƙina?"

Maganinsa sai haƙuri. Ka ajiye fayil ɗin APK, wato wanda ake sa manhaja a waya da shi, na kowace siga da ka taɓa saki. Ka samu tsohuwar waya mai ƙaramin ƙarfi, ko ta hannu ce, ta fi sabuwar da ke aljihunka amfani a wannan aikin. Sa tsohuwar siga, cika ta da waƙoƙi, haɗa jeri uku ko huɗu, yi wa wasu alamar so, canja saiti. Sannan ka ɗora sabuwar a kai ba tare da goge komai ba, ka buɗe kowane jeri ka ƙirga. Ka maimaita daga sigar da ta girmi wannan, saboda akwai wanda bai sabunta ba tun siga ta 3, yau zai tsallako ta 7 kai tsaye. Wani tarkon kuma: kada jerin ya dogara da lambar da MediaStore, wato rajistar fayilolin sauti da hoto ta Android, ke bai wa waƙa kaɗai, tana iya canjawa in waya ta sake lissafa fayilolinta. Ajiye sunan fayil da inda yake da tsawon waƙar a gefe. Ni har kwafin ma'ajiyar nake sa manhaja ta yi kafin kowace ƙaura, kuma ba na ganin manhajar waƙa ta cika in ba ta barin mutum ya fitar da jerinsa a fayil ɗin M3U, wato fayil ɗin jerin waƙoƙi da wasu manhajoji ma ke iya karantawa.

In gwaji ya wuce, kada ka saki ga kowa lokaci guda. Sabuntawa ba ta da komawa baya: wanda ta riga ta sauka a wayarsa ta zauna, sai dai ka fitar da wata mai lambar siga mafi girma. A Play Console, shafin da kake sarrafa manhajarka a Google Play, kai ke zaɓar kason da za a fara ba wa, ni da kashi 5 cikin 100 nake farawa, kuma kana iya tsayar da ita. Apple yana da nasa na kwana 7, daga kashi 1 zuwa 2, 5, 10, 20, 50, har 100. A kwanakin nan idonka na kan Android vitals, sashen Play Console da ke nuna lafiyar manhaja. Google na ɗaukar rufewar da ta kai kashi 1.09 cikin 100 na masu amfani a rana, ko daskarewar da ta kai kashi 0.47, a matsayin mugun hali, kuma hakan na iya rage nuna manhajarka. In asusunka na Google Play sabo ne, masu gwaji 12 da Google ya tilasta maka samu na kwana 14 kafin sakin farko, kada ka sallame su, su fara karɓar kowace siga.

Sauran ba wuya. Bayanin abin da ya canja haruffa 500 ne a Google Play, ka rubuta "an gyara tsayawar waƙa in an kashe allo", ka bar "gyare-gyare da ingantawa". Koma wurin waɗanda suka yi ƙorafin ka sanar da su an gyara, wasu kan ƙara taurarinsu, kuma tun 2019 Google ya fi bai wa sababbin taurari nauyi. Roƙon tauraro kuwa, Apple ba ya nuna shi fiye da sau uku a kwana 365, don haka kada ka ɓarnatar da shi a ranar farko, kuma kada ya fito waƙa tana cikin tafiya.