Kwana a Dajin Shafa Ba Tare da Kama Istiraha Ba

'Yan'uwa mazauna Makka da Jidda, idan zafi ya matsa, ku ɗauki tanti ku hau Shafa ta Ɗa'if maimakon biyan kuɗin istiraha, wato gidan hutu na haya.

Wurin ya haura mita 2,000 a sama da teku, saboda haka dare yana da sanyi ko a watan Yuli, kuma inuwar itatuwan ar'ar kyauta ce.

Ku isa kafin la'asar, domin ku ga ƙasa da idonku ku zaɓi tudu. Kada ku kafa tanti a cikin kwari komai kyawunsa, domin ruwan da aka yi a can saman dutse yana iya gangarowa cikin dare ba tare da ɗigo ɗaya ya taɓa ku ba.

Ku taho da ƙaramin murhun gas, saboda dokar Saudiyya ta hana saran itace, kuma akwai tara. Abinci kuwa a kulle shi a mota, domin birai ba sa jin kunya.

Dabarar ba ta aiki lokacin hazo ko ruwa, sa'ad da akan rufe hanyar Hada, wadda ke hawa dutse daga Makka zuwa Ɗa'if. Duk inda kuka ga shinge ko gonar fure, to, yana da mai shi.