Yadda ake gane shuka tana son ruwa

Yawancin furannin tukunya da ke mutuwa a gidajenmu yawan ruwa ne ke kashe su. Saiwa tana shaƙar iska ta ƙananan ramukan da ke cikin ƙasa, in ruwa ya cike ramukan kwana da kwanaki sai ta ruɓe. Don haka kafin ka ɗauki buta, fara duba ƙasar.

Da farko ka tura yatsanka cikin ƙasa har gaɓa ta biyu, wajen santimita 5. In ka ji sanyi da danshi, ƙasa ta manne a yatsa, ƙyale ta sai gobe. In ta fito a bushe tana zuba kamar gari, lokaci ya yi. Kada bushewar saman ƙasa ta ruɗe ka, musamman da hunturu, a Disamba da Janairu, lokacin da iska ke busar da saman cikin 'yan sa'o'i alhali can ciki da sauran laima. Wanda ba ya son ɓata hannu ya soka tsinken tsire ya zaro, in ya fito da ƙasa a jikinsa, akwai danshi.

Sai ka ɗaga tukunyar. Yi haka bayan ka gama ba ta ruwa, ka sake bayan kwana biyu ko uku, hannunka zai saba da bambancin nauyin: in ta rage nauyi sosai, ƙasar ta bushe. Tukunyar ƙasa tana saurin bushewa fiye da ta roba domin jikinta na tsatsafar da ruwa.

A lambu kuwa, tona ɗan rami a gefen fangali ka damƙi ƙasa. In ta dunƙule, da sauran ruwa. In ta warwatse, ba shukar ruwa. Jigawa ba ta riƙe ruwa kamar laka, kuma albasa da latas masu gajeriyar saiwa sun fi zogale saurin jin ƙishi.

Batun ganye ne ke yaudarar mutane. Da bazara, a Maris da Afrilu, tumatir da kabewa kan yi yaushi da tsakar rana ko da ƙasarsu a jiƙe take, saboda ganyen na fitar da ruwa fiye da yadda saiwa ke jawowa. Dawo da magariba ko da asuba. In sun miƙe, lafiyarsu lau. In har da safe suna langaɓe, taɓa ƙasa: busasshiya, ƙishi ne; jiƙaƙƙiya mai wari, ga ganye yana zama rawaya, saiwa ce ta fara ruɓewa, ƙarin ruwa zai ƙarasa ta.

In za ka ba da ruwan, yi da sassafe, a gindin shuka, har sai ya fito ta hujin ƙasan tukunya, sannan ka zubar da wanda ya taru a faranti. Da damina ma ka leƙa tukwanen da ke ƙarƙashin rumfa, ruwan sama ba ya kai musu.