Yadda Ake Bin Salsalar Manoman Amurka na Dā ta Hanyar Wasiyya da Rabon Gado

Duk wanda ya tashi bin salsalar wani gidan manoma a Amurka kafin 1850 zai ci karo da cikas tun daga bakin ƙofa. An fara ƙidayar jama'a a 1790, amma har zuwa ta 1840 sunan maigida kaɗai ake rubutawa, sauran mutanen gida sai dai a ce maza kaza, mata kaza. Rajistar haihuwa kuwa, in ka cire garuruwan New England (jihohin arewa maso gabashin ƙasar), yawancin jihohi ba su riƙe ta da gaske ba sai wajajen 1900. Abin da hukuma ba ta taɓa wasa da shi ba shi ne gona: wa ya mallake ta, wa ya gaje ta. Don haka a takardun gado za ka nemi 'ya'ya da jikoki.

Mataki na farko, gano gundumar da mutumin ya rasu. A yawancin jihohi kotun gunduma ce ke ajiye takardun gado, kuma iyakoki sun sha canzawa. Kentucky tana cikin Virginia har 1792, Maine tana cikin Massachusetts har 1820. Idan an yanki sabuwar gunduma daga tsohuwa, tsofaffin takardu na zama a tsohuwar. Manomi na iya mutuwa a gonar da aka haife shi, amma ka tarar da takardunsa a gundumomi uku.

Na biyu, buɗe littattafan. Shafin FamilySearch ya ɗora hotunan littattafan wasiyya na gundumomi masu yawa, kuma kyauta ne. Nemi sunan zuri'ar ta kowace irin rubutawa, domin magatakarda yana rubuta abin da kunnensa ya ji ne. Ka kuma tuna cewa abin da ke cikin littafi kwafi ne. Idan kotun ta adana ƙunshin takardun asali, da rasitai da ƙorafe-ƙorafen magada, shi ya fi cancanta ka nema.

Na uku, kwafe wasiyyar kalma bayan kalma, kada ka taƙaita. Kowace wasiyya tana da rana biyu: ranar da aka rubuta ta da ranar da aka tabbatar da ita a kotu. Mutuwa tana tsakaninsu. George Washington ya sa hannu a tasa a Yulin 1799, ya rasu ranar 14 ga Disamba, aka gabatar da ita a kotun gundumar Fairfax a Janairun 1800. Kafin 1752 kuma, shekara tana farawa ne ranar 25 ga Maris a ƙasashen da Ingila ke mulka, saboda haka wasiyyar da aka rubuta a Disamban 1740 aka tabbatar a Fabrairun 1740 ba kuskure ba ce, wata biyu ne tsakani.

A nan ne masu gaggawa ke ɓata. Kalmar Turanci "son-in-law" da yau take nufin suruki, a lokacin tana iya nufin agola. Wanda aka laƙaba wa ƙarami (Junior) ba lallai ɗan babban (Senior) ba ne, wataƙila mutum biyu ne masu suna ɗaya a gari, aka bambanta su da shekaru. Ɗan da aka bar wa sule ɗaya tak ba dole ne fushi aka yi da shi ba, sau da yawa ya riga ya karɓi rabonsa ranar aurensa. 'Ya'ya mata kuwa da sunan gidan mazajensu suke fitowa, kuma wannan kaɗai na iya zama shaidar auren da babu wata takarda da ta rubuta shi.

Na huɗu, san dokar wurin da lokacin. Mai karatu da ya saba da rabon gado na Musulunci, inda wasiyya ba ta wuce sulusi kuma ba a yi wa magaji, sai ya ajiye wannan ma'aunin a gefe. A can mutum na iya ba wa ɗa guda gona sukutum, ya ƙyale sauran. A Virginia, idan mutum ya mutu bai bar wasiyya ba, ɗan fari namiji ne ke kwashe ƙasar duka, har sai da dokar 1785 ta soke hakan. A Massachusetts da Pennsylvania kuwa, a zamanin mulkin Ingila, ɗan farin kashi biyu yake ɗauka, sauran kowa ɗaya. Matar mamaci tana da haƙƙin cin moriyar sulusin gona muddin ranta, ba ta mallake ta ba. Wannan sulusin ka sa masa ido: ranar da ta rasu, ko bayan shekara ashirin ne, za a sake rabo, kuma takardar rabo na biyu takan kawo jikoki da sababbin surukai.

Na biyar, kada ka karaya idan babu wasiyya. Ni a ganina ma wanda ya mutu bai bar ta ba ya fi yi wa mai bincike alheri. Mai wasiyya yana ambaton wanda ya ga dama, amma kotun da za ta raba dukiya dole ta lissafa kowane magaji, har da wanda ya yi ƙaura zuwa Ohio ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Idan magada suka kai juna ƙara, to kakarka ta yanke saƙa, domin shaidu za su zayyana wa ya haifi wa. Ɗakin karatu na jihar Virginia ya ɗora irin waɗannan shari'o'i da yawa a intanet. Duba takardun riƙon marayu ma. A dokarsu maraya shi ne wanda ubansa ya rasu ko da uwar na raye, kuma yaron da ya kai shekara 14 yana iya zaɓar mariƙinsa da kansa, abin da zai taimaka maka ƙiyasta shekarar haihuwarsa. Sai jerin kayan mamaci, daga shanu da garma har tukwane, da sunayen waɗanda suka saya ranar gwanjo, yawancinsu dangi ne da maƙwabta.

A jihohin kudu wannan jerin yana ɗauke da sunayen bayi da farashin da aka yanka musu, a layi ɗaya da dabbobi. Karatunsa ba daɗi, amma ga baƙar fatar Amurka mai neman kakanninsa sau da yawa shi ne kaɗai madogara, tunda sai a ƙidayar 1870 aka fara rubuta yawancin 'yantattun bayi da sunayensu. Bi sunan daga uban gida zuwa magajinsa, ka lura da inda aka haɗa uwa da 'ya'yanta.

Na shida, bi gonar kanta a littafin cinikin filaye. Idan ka ga wani ya sayar da kashi ɗaya bisa bakwai na wata gona da ba a raba ba, alama ce mai ƙarfi cewa kashi bakwai aka yi, sai ka nemo sauran shidan. Matar mai sayarwa takan bayyana ta yafe haƙƙinta na sulusi, nan za ka samu sunanta.

Wasu gundumomin takardunsu sun ƙone. Na gundumar Hanover a Virginia da wasu maƙwabtanta an kai su Richmond, babban birnin jihar, don tsaro lokacin yaƙin basasa, gobarar Afrilun 1865 ta cinye su. A irin wannan hali koma ga littattafan haraji, waɗanda Virginia ta fara tattarawa duk shekara daga 1782. Shekarar da aka daina rubuta sunan manomi shi kaɗai aka koma rubuta dukiyar marigayi wane, ka samu lokacin rasuwarsa. Ci gaba da bin shekarun da ke biye har ka ga sunayen da ekokin suka koma hannunsu.