Yadda ake sa edita ya fahimci dokokin Drools tun ana cikin rubuta su

A Drools, injin da ke aiwatar da dokoki a cikin manhajoji, ana rubuta doka da yaren DRL, kuma siffarta ɗaya ce: `rule` da suna, sharaɗi bayan `when`, aiki bayan `then`, a rufe da `end`. Injin ba ya karɓar fayil sai an kammala shi. Edita kuwa, wato manhajar da ake rubuta lamba a cikinta, kullum rubutu rabi da rabi yake gani, domin mutum yana tsakiyar bugawa. Saboda haka mai tantance nahawun da za ka gina wa edita dole ya jure rubutu mai ɓaraka.

Da farko ka rubuta nahawun da ANTLR 4, manhajar Terence Parr da ta fito a 2013, wadda ke gina mai tantancewa daga nahawun da ka rubuta. Kada ka ce sai ka kwashe yaren gaba ɗaya. Fara da `package`, `import`, `rule`, `when`, `then` da `end`, sauran su biyo baya.

Sai ka zo kan `then`, inda aikin yake cin mutane. Abin da ke ƙarƙashinsa yawanci Java ne, ba DRL ba. Ka buɗe wa mai yanka rubutu (lexer, wanda ke raba rubutu gunta-gunta) wani yanayi na daban da zarar ya ga `then`, ya riƙa haɗiye komai har ya kai `end`. Amma a lura: `end` ɗin da ke cikin alamun zance, kamar saƙon da ake bugawa a allo, ba shi ne ƙarshen doka ba. Idan ba ka ware kalaman zance da sharhi ba, doka za ta yanke a tsakiya, duk abin da ke ƙasa ya yi ja.

Mataki na uku, kurakurai. Cire mai sauraren kurakuran da ANTLR ke zuwa da shi ta `removeErrorListeners()`, ka sa naka da zai tara su. Bar `DefaultErrorStrategy` yadda yake. Shi ne ke tsallake guntu ɗaya da ya yi yawa, ko ya ɗauka akwai wanda ya ɓace, ya ci gaba. `BailErrorStrategy` kuwa kuskuren farko yake ajiye aiki, ba shi da wurin zama a edita.

Daga nan ka haɗa shi da LSP, ƙa'idar da Microsoft ta fitar a 2016 don edita da sabar yare, wato manhajar da ke tantance masa rubutu a bayan fage, su riƙa magana. A Java akwai laburaren LSP4J na Eclipse don wannan aikin. Duk lokacin da `didChange`, saƙon da edita ke aikowa in rubutu ya canza, ya iso, ka sake tantancewa, ka mayar da kurakurai ta `publishDiagnostics`. ANTLR daga 1 yake ƙirga layi, LSP daga 0. In ka manta da rage ɗaya, jan layi zai sauka a ƙasan inda kuskuren yake.

Cika kalma shi ne na ƙarshe. A ce mutum ya buga `$a : Abokin(she` ya tsaya. Nemo guntun da ke daidai wurin da yake bugawa, ka tambayi laburaren antlr4-c3 abin da nahawu ya yarda ya biyo. Nahawu dai bai san `shekaru` ba. Wannan sai ka bi `import` ɗin fayil ɗin, ka buɗe ajin `Abokin`, ka ɗauko sunayen filayensa.

Wajen gwaji, ɗauki doka lafiyayya ka riƙa guntule ta harafi-harafi daga ƙarshe, kana miƙa kowane saura ga sabar. Duk inda ta faɗi ko ta yi shiru, nan za ka koma cikin nahawun.