Kurakuran da sabbin furodusoshi suka fi yi game da ƙungiyar masu shirya fina-finai

Da yawa daga cikin masu shiga harkar fim suna yankar katin ƙungiyar furodusoshi su jefa a aljihu, ba su sake tunawa da shi sai ranar da rigima ta taso. A nan matsalar take farawa, domin ba su san abin da suka shiga ba.

Kuskuren farko shi ne ɗaukar ƙungiyar a matsayin hukumar tace fina-finai. Hukuma ta gwamnati ce, ita kuwa ƙungiya ta masu zuba jari ce. A Amurka, manyan kamfanonin Hollywood ne suka kafa tasu a 1922, wadda yanzu ake kira MPA, suka ɗauko Will Hays daga shugabancin gidan waya na ƙasar ya jagorance ta, don su tsaftace harkarsu da kansu kafin gwamnati ta sa musu almakashi. Ko tsarin nuna shekarun da suka dace a kalli fim, wanda suka fito da shi a 1968, ba doka ba ce, yarjejeniya ce a tsakaninsu. Saboda haka katin ƙungiya ba ya maye gurbin lasisi. Nemi kowanne a inda ake ba da shi.

Wasu kuma suna haɗa ta da ƙungiyar 'yan wasa ko ta marubuta. Waɗancan masu karɓar ladan aiki ne, furodusa kuwa mai biya ne. A yajin aikin marubutan Hollywood na 2023, wanda ya kai kwana 148, ƙungiyar kamfanoni ta AMPTP ce ta zauna a ɗaya gefen teburin. San gefen da kake zaune.

Amma kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne sa hannu a kwantiragin gidan talabijin ba tare da an tuntuɓi ƙungiya ba. Mutum ya sha wahalar neman kuɗi, ya kwana a wurin ɗaukar fim, ya biya mai kyamara da edita, sai a miƙo masa takarda mai shafi goma ya duba adadin kuɗin kawai ya rattaba hannu. A shafi na bakwai kuwa akwai layin da ya sallama haƙƙin mallakar shirin har abada, a kowace ƙasa, har da intanet. Bayan shekara biyu zai ga aikinsa yana yawo, shi ko sisi.

Furodusoshin Birtaniya sun daɗe a cikin wannan hali. Ƙungiyarsu ta Pact, da aka kafa a 1991, ta matsa lamba har aka yi dokar sadarwa ta 2003, wadda ta tilasta wa BBC da sauran manyan tashoshi su tsara sharuɗɗan da ke bar wa furodusa mai zaman kansa haƙƙin shirinsa, ya sayar a ƙasashen waje. Babu furodusa guda da zai iya ƙwato wannan shi kaɗai.

Gyaran bai da wuya, sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin tashar ta kira ka, nemi samfurin kwantiragin ƙungiyarku ka karanta. Idan takarda ta zo, duba tsawon shekarun da aka ba tashar, da ƙasashen da za ta nuna shirin, da wanda haƙƙin zai koma hannunsa bayan wa'adi ya cika. In ƙungiyarku ba ta da irin wannan samfuri, je taro na gaba ka nemi a ɗauko lauya ya rubuta shi.