Yadda Za Ka Fitar da Alli Daga Cikin Ruwa

1. Zuba ƙaramin cokali ɗaya na garin kalsiyam haidiroksaid (wani farin sinadari ne) a kwalbar ruwa, ka girgiza, ka bar shi ya kwana.

2. Da safe ka tsiyayi na saman, wanda ya yi garau, a kofin gilashi.

3. Sa bututun shan lemo ka yi ta hurawa a hankali. Kada ka kuskura ka zuƙa, kuma ka kiyaye idonka, ruwan yana da kaifi.

4. Zai yi fari kamar an ɗiga madara. Iskar kabon dayoksaid ta numfashinka ce ta haɗu da kalsiyam, suka zama kalsiyam kabonet, sinadarin dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina ta Sakkwato.

5. Ajiye kofin. Garin kalsiyam kabonet ɗin, wato allin, zai kwanta a ƙasa.