Yadda ake gane tsohuwar fostar sinima da yadda ake adana ta

A zamanin da kamfanoni biyu na Faransa, COMACICO da SECMA, suke riƙe da rabon fina-finai a ƙasashen Afirka ta Yamma rainon Faransa, fim ba ya zuwa Yamai shi kaɗai. Tare da gwangwanayensa ake turo fosta, wadda mutanenmu ke kira afish, da hotunan da ake jerawa a bakin ƙofar sinima. Kayan aro ne, suna bin fim gari-gari, shi ya sa waɗanda suka tsira ba su da yawa. In kun ci karo da ɗaya a tsohon akwati, kada ku yi gaggawar gyara ta.

Ku fara da awo. Babbar fostar Faransa santimita 120 ce da 160, matsakaiciya 60 da 80, ƙarama kuma wajen 40 da 60. Ta Amurka ta wancan zamani inci 27 ce da 41, hotunan bakin ƙofa nasu kuwa inci 11 da 14, takwas-takwas suke zuwa. Awon da ya kauce wa waɗannan sosai abin tuhuma ne.

Daga nan ku karanta gefen ƙasa, inda ƙananan rubutu suke. A ta Faransa akwai sunan maɗaba'a, sau da yawa har da lambar izinin nuna fim. A ta Amurka ku nemi lambar kamfanin National Screen Service, wanda ya karɓi rabon fosta a 1940: lambobi biyun farko shekara ce, in kuma harafin R ya gabace su, to sake fitar da fim aka yi. Linki ba aibi ba ne, domin har cikin shekarun 1980 a ninke ake aiko fosta. Ramin ƙusa da hatimin mai rabon fim a baya shaida ne cewa ta yi aiki. Wadda ta fito sumul, tana sheƙi, ƙananan rubutunta sun dushe, galibi kwafi ce.

Wajen adanawa ne ake yin ɓarna. Salatif shi ne babban maƙiyi: zafin watan Afrilu yana narkar da ƙaronsa ya ratsa takarda, ya bar tabon da ba ya fita. Manna mata leda da na'ura ya fi muni, don ba a iya warwarewa. In ta yage, ku bar ta haka har a sami mai gyara da kokon sitacin alkama da siririyar takardar Japan.

Ku kaɗe ƙura da burushi mai laushi, ba da jiƙaƙƙen tsumma ba. Da hunturu takarda tana bushewa ta riƙa karyewa a kan linki, saboda haka ku buɗe ta sau ɗaya, ku ɗauki hoto gaba da baya, sannan ku shimfiɗa ta tsakanin takardu marasa asid. Babbar da ba ta da wurin shimfiɗa a naɗe ta a bayan bututun kwali mai faɗin santimita 10. Ku ɗora a saman kantar ajiye kaya, nesa da ƙasa da bango saboda gara, ku riƙa dubawa da damana don kyankyasai da fumfuna. In kuna son ratayawa, ku buga kwafi ku rataya, domin rana tana cinye ja da rawaya.